Mai Ƙwai da Ke Son Gudu

Shekara ashirin da biyu ina gyaran keke a rumfar nan, kuma a tsawonsu ban taɓa ganin Yaya yana sauri ba, ko a ƙafa ko a kan keke. Mutum ne da in ruwa ya kece kowa yana neman mafaka, shi sai ya tsaya ya naɗe ƙafar wando tukuna. Sana'arsa ma ta dace da halinsa. Ƙwai yake ɗaukowa daga wata gonar kaji a bayan gari yana rarraba wa masu shaguna, kiret goma sha biyu ɗaure a kariya. Da gwiwa ta fara damunsa shekara uku da suka wuce, ni na ɗaura wa kekensa ƙaramin inji, na sa masa tanki a sandar tsakiya. Injin nan hutu ya samu, don Yaya ko rabin totur ba ya murɗawa.

Shi ya sa ranar da ya turo keken cikin rumfa ya ce in cire robar birkin in sa masa birki mai faifai, in kuma canza tayoyin da masu faɗi masu manyan haƙora, sai na ajiye sifana na dube shi da kyau. Na tambayi dalili. Ya ce gudu yake son ƙarawa, shagunan sun yi yawa, rana tana yi masa a hanya.

"Yaya, da ƙwai a bayanka?"

"Auta, aiki na kawo maka ko shari'a?"

Haka yake kirana har yau, da furfurata da 'ya'yana biyar. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni koyon sana'a, don haka idan ya ɗaure fuska ba ni da ta cewa. Amma kullum in ya zo sai ya zauna a benci ya yi ta kushe aikina har ya gaji. Ranar ko zama bai yi ba. Ya ce zai dawo jibi, ya fita yana bin gefen katanga.

Keke ba ya iya ɓoye abin da mai shi ke yi da shi. Robar birkin da na sa masa sati uku da suka wuce ta cinye har ƙarfe ya fara kartar rim. Tayar baya ta sule a wuri shida, ba zagaye ba, tabo-tabo, irin na wanda yake damƙe birki da ƙarfi taya ta ja ƙasa. Fedar hagu ta lanƙwashe, robar hannun hagu ta yage, tankin ma ya goge ta ɓangaren hagu. A kan kariya kuwa ga busasshiyar ƙwanduwa, ƙudaje sun yi mata caa. Na tsuguna a gaban keken nan na daɗe, kuma abin bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Maƙwabcina mai faci, wanda muke kira Rediyo don bakinsa ba ya mutuwa, ya leƙo ya shafa tayar da yatsa. Ya ce shi dai a saninsa, mai irin wannan birki ko dai yana bin wani, ko ana bin sa. Ya rage murya ya ƙara da cewa ai babu mai binciken mai ƙwai a hanya, don ba jami'in da zai so ya fasa wa talaka kiret goma sha biyu, ƙarƙashinsu kuwa ana iya shimfiɗa komai. Na ce masa ya koma kan tayoyinsa, yayana ba irin mutanen da ya saba zama da su ba ne. Ya tafi yana dariya, amma ya bar mini maganar a ciki.

Ina jin kunyar faɗa, amma yana juya baya na buɗe 'yar jakar da ke ƙarƙashin sirdi. Da sifana ɗaya, da tsumma, da wata 'yar kwalbar roba fara, girman babban yatsa, an kankare takardar jikinta tas. Na buɗe na shinshina, ba wari ba ƙamshi. Na mayar da ita yadda na same ta. Mutumin da ko sigari bai taɓa riƙewa ba, me zai sa ya kankare sunan abin da yake sha?

Da la'asar na rufe rumfa na nufi gidansa, don na san lokacin yana wajen masu gonar. Matar Yaya ta tarbe ni da tsokanar da ta saba, wai sai yau na tuna hanya, ko uwargidana ce ta hana ni abinci. Kafin in zauna ta ajiye mini soyayyen ƙwai. Na ce ashe yau ana shagali. Ta ce wane shagali, wata biyu ke nan ƙwai suke ci safe da yamma, har yaran sun fara kuka da shi. Kullum sai ya dawo da fasassu a cikin roba, ya ce hanya ce ta lalace. Sai ta daina dariya. Ta ce mutumin ya canza mata. Ya daina zuwa hira wajen abokansa, rana na faɗuwa yana ɗaki. Ranar nan ta matsar da kujera don ta yi shara, ya shigo ya yi karo da ita, ya yi ta faɗa kamar zai ari baki, shi da ko yaro ba ya ɗaga wa murya. Ta tambaye ni ko na san wani abu. Na ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa.

Washegari na kama aikin, don ko me yake ciki, gara ya kasance da birki mai kyau. Na kwance ƙafar gaba, na saƙa sabbin sifok, wayoyin nan na cikin ƙafa, a kan cibiyar da ke ɗaukar faifai, na kai wa mai walda ya liƙa mazaunin birkin. Na sa tayoyin nan masu faɗi, da ƙyar ta baya ta shiga ba ta goga ba. Da na gama sai na ce bari in duba injin, tunda gudu za a yi. Na kwance fulogi, sai na gan shi baƙi ƙirin, hayaƙi ya daskare a bakinsa. Duk mai gyara ya san fulogin mai gudu ba ya yin haka, zafi ne ke ƙone dattin ya bar shi ja-ja. Wannan na mai tafiyar hawainiya ne. Tayar tana cewa ana bin Yaya, fulogin yana cewa bai taɓa tsere wa kowa ba. Na rasa wanda zan gaskata a cikinsu.

Da ya zo karɓa na gargaɗe shi cewa birkin nan ba irin na da ba ne, yatsa biyu sun isa, in ya damƙe da duka hannu zai tashi sama. Ya tura keken taku uku ya matsa, keken ya tsaya cak. Sai na ga ya sauke wata ajiyar zuciya, irin ta wanda aka sauke wa kaya. Mai son gudu totur yake fara murɗawa. Shi ko taɓa shi bai yi ba.

Da safe na ɗauki kekena na feda na laɓe bayan wani kantin siminti a hanyar da yake bi. Ina tsammanin zai wuce ni kamar iska in rasa inda ya shiga. Sai ga shi tafe, kiret a bayansa, injin yana tari a hankali. Na bi shi ba tare da ko gumi ya karyo mini ba. Bai ratse ko'ina ba, bai tsaya da kowa ba, shagunan da na sani su yake bi. Abu ɗaya na lura da shi: kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana ta juya shi hagu da dama kamar mai neman lambar gida.

A bakin wata kwana, wata mata ta fito daga lungu ta hagunsa tana tura baro cike da jarkokin ruwa. Tun daga nesa na gan ta, duk wanda ke titin ya gan ta. Yaya bai rage ba, bai kauce ba, yana tafiyarsa kai tsaye. Sai da baron ya zo daidai gabansa sannan ya damƙe birki. Ƙafar baya ta ɗaga, kiret biyu suka zame suka tarwatse a kwalta. Tsakanin tayarsa da ƙafar matar bai fi tafin hannu ba. Ta zazzage shi tas, yana ba ta haƙuri. Sannan ya ciro roba daga cikin riga, wadda ashe a shirye take, ya tsuguna yana lalube ƙasa da hannu yana tsince waɗanda ba su gama fashewa ba. Akwai ƙwai uku lafiyayyu kusa da ƙafarsa ta hagu, ya tashi ya bar su a nan.

Na juya na koma rumfa. Rediyo ya tambaye ni me na gano, na ce masa babu komai. Ban iya taɓa aikin kowa ba ranar.

Da azahar sai ga Yaya ya turo keken. Ya ce na gaban ya yi kyau, yanzu na bayan ma yake so a mayar mai faifai. Na ce to, ya zauna. Ya zauna a benci yana fuskantar titi. Na ɗauki babbar sifana na zagayo ta hagunsa, na miƙa masa ita daf da kafaɗa, na tsaya. Na ƙirga har ashirin a zuciyata. Yana ta ba ni labarin tsadar abincin kaji, sifana tana kusa da kunnensa bai sani ba.

"Yaya, tun yaushe?"

Ya juyo gaba ɗaya, ya ga sifanar, ya ga fuskata. Na zaci zai yi faɗa. Sai kawai ya sunkuyar da kai ya ce wata biyar. Ya je asibiti shi kaɗai, likita ya ce ciwon da ya kama mahaifinmu ne, wanda ke cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, maganin ɗigawa sai dai ya riƙe saura. Shi ya kankare takardar kwalbar don kada matarsa ta karanta. Ya ce hagu ta tafi, dama ma ta fara, yanzu duniya yake gani kamar ta cikin bututu. Abu ba ya bayyana sai ya zo gabansa, shi ya sa yake neman birkin da zai tsaya inda aka ce ya tsaya.

"Taku biyu kawai nake nema, Auta. In ka ba ni taku biyu, zan iya shekara guda."

Na ce masa na ga matar baron. Sai ya ce in masu gonar suka ji, gobe za su ba wani hanyarsa, kuma shekara ashirin da bakwai yana gina ta shago bayan shago. Ya ce shi ya yi jagoran Baba shekara shida, ya san yadda mutane ke yi wa makaho magana da ƙarfi kamar kunnen ne ya mutu, bai shirya zama a tabarma ana kawo masa ruwa ba. Tausayinsa ya kama ni har idona ya cika, haushinsa kuma yana cina, don ya sa na ɗaura masa abin da zai ƙara masa ƙarfin halin fita titi.

Ban iya yi masa gardama da baki ba, ban taɓa iyawa ba. Sai na durƙusa na kwance notin ƙafar gaba, na zare ta da sabuwar tayarta da faifanta, na rataye ta a ƙusa can saman rumfa. Keken ya kife a kan hancinsa.

"Mayar mini da ƙafar kekena."

"Ba zan mayar ba, Yaya. Ka zage ni, ka daina gaishe ni. Yau baro ne, gobe ɗan wani ne."

Ya miƙe tsaye. Ya ce shi ya fara ɗora ni a kan sirdi yana riƙe da kariya yana gudu a bayana, yau ni ne zan sauke shi. Na ce haka ne. Na ce gobe zan rufe rumfa da safe in kai ƙwan da kaina, shi ya zauna a shago na farko ya jira ni, mu ga abin da za a iya shiryawa da masu gonar. Ya sa hannu ƙarƙashin sirdi ya ciro kwalbarsa, ya jefa a aljihu, ya fita.

Ina tsaye ina kallonsa har ya kai bakin babban titi, inda zai tsallaka ya kama hanyar gida. Motoci suna wucewa, babura suna ratsawa ta ko'ina. Ya juya kai hagu, ya juya dama, ya ɗaga ƙafa, ya mayar. Mutane suka zo suka tsallaka suka bar shi, wasu suka zo su ma suka wuce. Ashe ba tare da ƙarar inji da kiret a baya ba, babu mai kauce masa, kuma shi ma ya san haka.

Na goge hannuna da tsumma na je na tsaya ta damansa, inda zai iya ganina. Bai dube ni ba. Sai dai ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Matata ni zan gaya mata, ba kai ba. Kuma kada ka kama mini hannu a gaban mutane. Ka dai faɗa mini in sun wuce."

Na jira wata babbar mota ta wuce, da babur biyu a bayanta. Na ce sun wuce, Yaya. Muna kaiwa tsakiyar titi na ji yatsunsa sun kama gefen rigata.