Katin Ɗahiru Mahauci

Ɗahiru ya sake tsayawa a bakin maƙerata, ƙafarsa ta hagu ba takalmi, don ta daina shiga.

"Malam Armaya'u, na canza shawara."

"Jiya ma ka canza."

"Ta babur zan biya."

Ban ɗago ba, garma nake bugu. Ɗahiru mahauci ne. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Batsari tun gemunmu yana baƙi. Surukinsa Tayyib, malamin makaranta a Safana, shi ya kawo masa wannan magana ta inshora. Ya ce iri-iri ce. Akwai ta babur, in an sace ko ya yi haɗari. Akwai ta lafiya, a duba ka a asibiti a ba ka magani. Akwai ta rai, sai ka mutu a ba iyalinka. Abin da Ɗahiru ya samu a wakensa na bana, ɗaya kaɗai zai ɗauka. Tun ranar bai sake zama wuri ɗaya ba.

"Babur ɗin nan shi ke ɗauko mini awaki daga Zakka da Tsaskiya," ya ce. "In ya tafi, me za mu ci?"

"Babur ɗin ne ya kumbura, ko kai?"

Ya dubi ƙafar kamar ta wani ce. Ya zauna a kan kututture, ya tashi, ya je bakin hanya, ya dawo.

"To ta ran fa?"

"Kai ka sani."

"In biya kuɗi in zauna jiran ajalina? Turai ta riƙa kallona kamar adashen da ya kusa zagayowa kanta?"

Daga bayan katanga matarsa Turai ta ɗaga murya. "Na ji ka, Sarkin Fawan da ba naɗi! Wa zai zuba adashe a kanka?"

Ni ban taɓa biyan irin wannan abu ba. Amma na ce masa, in dole sai ya biya, ya biya ta jikinsa. Ƙarfe ana sake shi, ni na sani, sana'ata ce.

Ya yarda. Sai wata rigima ta tashi. Ta lafiya kai-kai ake biya, kuma kuɗin na kai ɗaya ne. Turai tana da hawan jini, ta taɓa faɗuwa a bakin murhu. Ɗahiru ya ce ita za a yi wa. Ita ta ce shi. Kullum da hantsi ina jin su ta katanga.

"Ni kumburi ne kawai, tsayuwar kasuwa ce."

"Tsayuwar kasuwa ce ta hana ka ruku'u?"

Aka gama sussuka, aka kai kara gida, suna nan suna ja. Ƙafar dama ta bi ta hagu. Rannan Turai ta aika da akuyarta kasuwa don a cike kuɗin kai biyu, aka sayar wa Yero, wanda rumfarsa ke kallon ta mijinta. Ɗahiru ya zo mini yana huci.

"Matar mahauci ta kai akuya ga wani mahauci! A gabana aka feɗe ta!"

"Da kai ta ba, za ka saya?"

"Ba zan saya ba."

"To."

Ranar da za su je rajista ya leƙo ya ce in ara masa hula, tasa duk maiƙo ce, kuma an ce za a ɗauki hoto. Na ba shi hulata zanna ta Juma'a. Na ce kada ya karkata ta, ni ba ɗan tasha ba ne.

Ya dawo da azahar, ya miƙo mini hular, bai zauna ba.

"Sun ce katin ba ya fara aiki yanzu. Sai an jira wasu watanni."

"Ƙafar za ta jira?"

"Dole ta jira."

Daga nan ya daina zuwa kasuwa. Bai daina motsi ba. A fito masa da tabarma ƙofar gida, ya ce rana. A kai shi zaure, ya ce ba ya ganin hanya. Duk babur ɗin da ya shigo unguwa sai ya miƙa wuya, ko katin ne aka kawo. Ya kira Tayyib a waya har Tayyib ya fara jin nauyin ɗauka. Numfashinsa ya koma kamar zuga-zugina in fata ta huje.

Na ajiye guduma na je na tsaya a kansa.

"Tashi in kai ka asibiti. Ni zan biya."

"Na riga na biya, Malam. Ba a biyan akuya sau biyu."

"Ɗahiru, tashi."

"Akuyar Turai ce fa ta tafi. In bar ta ta tafi a banza?"

Tayyib ya zo ya roƙe shi. Liman ya yi magana. Da ya yarda a ƙarshe, ba da ƙafarsa ya shiga mota ba. Ya kwana a asibiti, ya cika washegari bayan la'asar, ranar kasuwa. Mahauta suka rufe rumfuna suka zo. Yero ne ya fara sa kafaɗa a makara.

Turai tana cikin takaba katunan suka iso. Tayyib ya kawo su. Nata ta ɗaure a bakin zane, da shi ake karɓo mata maganin hawan jini yanzu. Na Ɗahiru ta ce a miƙo mini ta katanga in gani.

Na goge hannuna a riga na karɓa. Rubutun ban iya karanta shi ba. Ga shi dai a hoto, ya buɗe ido sosai, yana danne dariya, ko me Turai ta faɗa masa a lokacin. Hulata ce a kansa. Ya karkata ta.

Wutar maƙera ta mutu ina riƙe da katin.