Tiyon Kasuwar Alhamis

Injin yankan katako ya shiga cikin bishiyar fiye da rabi lokacin da muryarsa ta canja. Ya yi wata ƙara sama, ya yi tari sau biyu, ya mutu a hannun Nichifor.

Nichifor ya zare shi daga tsagar, ya ajiye a ƙasa, ya taka da ƙafa ya ja igiya. Ya ja har sau goma, inji bai ko motsa ba. Sai ya ɗaga kai ya dubi bishiyar.

Tsohuwar bishiya ce irin wadda ake kira fag, mutum biyu ba sa iya rungume ta, tana tsaye a bakin gonarsa a kan gangare, hanyar mota na ƙarƙashinta. Makon jiya ma'aikacin gandun daji ya buga mata hatimin sarewa saboda cikinta ya fara ruɓewa. Nichifor ya yanka mata baki ta wajen gona don ta faɗi can, ya zagayo baya yana yanka, ya buga weji, wani ƙarfe mai bakin gatari, a tsagar don kada ta zauna ta baya. Saura kamar tafin hannu guda ya gama. Yanzu ga ta nan a tsaye a kan ɗan abin da ya rage, iska kuma ta fara saukowa daga dutse tana tura ta wajen hanya.

Ya duba agogo. Sha ɗaya saura ashirin da biyar. Ƙaramin bas na sha ɗaya shi ne zai kawo 'yarsa Rodica daga birni, da jaririnta da bai taɓa gani ba.

Ya buɗe murfin tanki ya leƙa. Matatar mai tana kwance a ƙasan tanki ita kaɗai. Ya sa waya ya jawo tiyon mai, ya matsa shi da yatsa. Sati biyu da suka wuce ya saye shi a kasuwar Alhamis, rawaya mai sheƙi, uku a leda ɗaya, mai tebur yana rantsuwa daidai yake da na kamfani. Yanzu ya kumbura ya yi laushi kamar taliyar da ta wuce dahuwa, ya tsage a tsaye.

"Viorica!" ya ƙwala wa matarsa kira. "Viorica!"

Ta fito daga ɗakin girki da muciya a hannu. "Me kuma? Tuwon masara na kan wuta."

"Sauke shi. Ki sauka can kwanar gada ki tare bas. Kada ki bari ya wuce ko da direba zai taka ki."

Ta dubi bishiyar, ta dubi injin a ƙasa. Ta yi alamar gicciye, ta ruga da silifa a ƙafa, muciyar na hannunta.

Nichifor ya tsallake shinge zuwa gidan maƙwabcinsa Toader. Ya same shi yana zuba wa aladu abinci.

"Ba ni injinka, maza."

"A'a, babban makanike da kansa? Ina naka mai sabon hanji?"

"Toader, fag ɗin tana tsaye a kan rabin yanka. Rodica na cikin bas."

Toader ya saki bokitin. Suka dawo tare a guje, inji a kafaɗarsa. Ja biyu ya tashi. Nichifor ya karɓa, ya saka shi cikin tsagar, ya matsa mai. Garin katako ya fara feshi a kan takalminsa. Ya ji hankalinsa ya fara kwanciya.

Sai ya ji sanyi a cinyarsa, da warin fetur.

"Kashe! Kashe shi!" Toader ya yi ihu. "Mai ne ke zuba!"

Ya kashe. Fetur na ɗiga daga ƙarƙashin hannun injin, ya jiƙa masa wando har gwiwa, dab da salansa mai zafi. Suka tsaya suna kallon juna. Babu wanda ya buƙaci buɗe tanki. Nichifor ne da hannunsa ya cire tsohon baƙin tiyon Toader ranar Lahadi bayan coci, ya sa masa rawaya, ya ƙi karɓar kome sai kofin giyar 'ya'yan itacen fulam.

"Kyautarka ke nan," in ji Toader. "Allah ya saka."

Bishiyar ta yi ƙara daga ciki, irin ƙarar tsohuwar ƙofa. Tsagar ta matse wejin har ɓawo ya fashe a gefensa. Nichifor ya ɗauki guduma ya buga, ya sake bugawa. Wejin bai shiga ba. Abin da ya rage ya yi kauri, ba zai karye da duka ba.

Saura minti tara. Daga nan ba a hango kwanar gada, kuma ya san direban nan, Ghita, ba ya taka birki don wani ya ɗaga hannu. Viorica ga ciwon gwiwa. Ko ta isa?

"Zarton babanka," ya ce. "Yana nan?"

"Na mutum biyu? Yana rataye a rumbu tun kafin a haifi Rodica."

"Ɗauko."

Toader ya dawo da shi yana haki, dogo, duk tsatsa. Suka kwance hannun zarton ɗaya, suka zura ƙarfen ta gefen tsagar a gaban weji, suka mayar da hannun. Suka durƙusa, wannan a dama, wannan a hagu.

"Ja kawai, kada ka tura," in ji Toader. "Ka manta ne? Kana turawa kamar mai korar saniya."

"Rufe baki ka ja."

Da farko zarton ya riƙa lanƙwashewa. Can hannuwansu suka tuna. Ja, saki, ja, saki. Gumi ya shiga idon Nichifor, fetur na cin fatar cinyarsa. Daga ƙasan kwari ya ji ƙugin bas yana hawowa, ya ji ya canja giya a wajen injin niƙa. Bai ji ya rage gudu ba.

"Guduma!" in ji Toader.

Nichifor ya miƙe ya buga. Ɗaya. Biyu. A na huɗu wejin ya nutse, tsagar ta buɗe baki. Suka ja da baya. Bishiyar ta yi jim kamar mai shawara, sannan ta tafi a hankali wajen gona, ta faɗi da ƙarar da ta girgiza tagogin gida.

Ya gangara hanya. A kwanar gada bas ɗin na tsaye a karkace. Viorica na zaune a tsakiyar kwalta, ƙafa a miƙe, silifa ɗaya, muciya a cinya, Ghita na tsaye a kanta yana zazzaga masifa. Rodica ta sauko da jariri a ƙirji.

"Baba, me ya faru? Kana warin mai."

Ya miƙa hannu zai karɓi yaron, sai ya tsaya. Uku ne a ledar. Na ukun ya ba ɗansa Marin, wanda ke yankan katako da ƙungiyar ma'aikata a can saman dutse, inda gangare ya fi wannan tsayi sau goma.

"Ba ni wayarki."

Ya kira Marin. Wayar ta daɗe tana ƙara. Har ya fara lissafin awa nawa zai yi a ƙafa zuwa can, sai aka ɗauka. Yana jin injuna na kuka a bayan muryar.

"Marin, kashe injinka yanzu. Tiyon nan da na ba ka..."

"Rawayan?" in ji Marin. "Baba, ban sa shi ba. Tun a hanya na jefa shi a kwandon shara. Duk wanda ya taɓa shi ya san roba ce ta banza."

"To me ya hana ka faɗa mini?"

"Na ga yadda ka ji daɗin ba ni ne."

Nichifor ya mayar wa Rodica wayar. Ya goge hannuwansa a riga, ya shinshina, ya sake gogewa.

"Riƙe yaron tukuna," ya ce. "Bari in wanke hannu."