Idanun Minna

A garinmu na Sonneberg, garin masu ƙera 'yan tsana, kowa ya san ba a ɗaukar 'yar tsana mai rufe ido tana rigingine. Rub da ciki ake kifa ta. A cikin kanta na tangaran akwai ɗan curin dalma rataye a jikin waya, shi ke jan idanun su rufe in an kwantar da ita, su buɗe in an tayar. Kwaɓin alli ne kawai ke riƙe da su ta gefe da gefe. In tana rigingine aka yi tuntuɓe da ita, dalmar ta fizga, sai idanun su faɗa cikin kai. Ottmar Luthardt ya san wannan sarai. Shekara arba'in da shida yana zaune da Irmtraud, jikar mai sa wa 'yan tsana ido, kuma an karanta masa dokar har ta ishe shi. Duk da haka shi ya karya dokar da hannunsa, wata ranar Laraba.

Mako bakwai ke nan Irmtraud tana asibiti. Daga sayen burodi ya dawo ya same ta kife a ƙasan kicin, ɓarin damanta ya shanye. Magana ta dawo, ƙafa ma ta fara takawa, amma hannun yana nan a kan cinya kamar na aro. Likita ya ce bai mutu ba. In ta riƙa motsa shi cikin watannin nan zai dawo, in ta bar shi kuwa zai ƙage har abada. Aka ba ta ƙwallon roba ta riƙa matsawa, ta bar shi ya gangara ƙarƙashin gado. Duk abin da aka ce mata sai ta ce "to". Matar da a da in Ottmar ya ajiye cokali a karkace sai unguwa ta ji, yanzu ita ce mai cewa "to". Wannan "to" ɗin ya fi komai tayar masa da hankali.

Ran Asabar za a sallame ta, ga shi ba ta iya hawa bene. Dole gadonta ya sauko ɗakin 'yan tsana, su kuma su koma sama, su sittin da uku. Ottmar ya kifa sittin da biyu cikin kwalaye yadda aka koya masa, ya kai su lafiya. Saura Minna.

Minna ta kakar Irmtraud ce. Tsohuwar ce ta sa mata idanu masu ruwan ƙasa, ta kuma yanke gashin kanta ta yi mata kitso. Da Ottmar ya kifa ta a kwali, sai kitson ya zame gefe, hannu ɗaya ya lanƙwashe a ƙarƙashin ciki. Ya tsaya yana kallon ƙeyarta. Haka ya tarar da matarsa a ƙasan kicin, daidai haka. Zuciyarsa ta ƙi. Ya juya ta rigingine, ya lulluɓe ta da tawul har wuya, ya kama hawa. A matakala ta tara gwiwarsa ta ci amanarsa, kwalin ya bugi bango, ya ji wani abu ya ce ƙwas. Da ya yaye tawul, ramuka biyu baƙaƙe ne suka dube shi.

Washegari ya naɗe ta a rigar sanyi ya nufi gidan Gudrun, ƙanwar matarsa, wadda tun ranar biki ba ta taɓa raga masa ba.

Gudrun ta girgiza Minna a kusa da kunnenta, idanun suka yi ƙaras-ƙaras a ciki. Ta ce, "Mijin yaya, sannu da aiki. Sittin da uku aka bar maka, ka rasa wadda za ka makantar sai wannan?"

"Don Allah bar wasa. Ki gyara ta kafin Asabar, kada ta sani."

"Ni? Ni gira aka koya mini da jan baki. Ka taɓa ganin mai zanen gira ta sa ido? Kaka mutum ɗaya ta koya wa aikin nan a gidanmu, kuma ka san ko wace ce."

"Gudrun, ko cokali ba ta ɗagawa. In ta ga wannan, ai ƙarasa ta zan yi."

Gudrun ta dube shi ta saman tabarau, ta daɗe tana dubansa. Ta tashi ta jawo aljihun tebur, ta auno garin alli a takarda, ta haɗa da ɗan cokalin ƙarfe da bai kai tsawon yatsa ba. "Na Kaka ne. Kai ka ɓata, kai za ka faɗa. Tashi ka ba ni wuri, kofina na hucewa."

Asabar ta zo, aka kawo Irmtraud aka zaunar da ita a kujerar bakin taga. Ta dubi kantocin 'yan tsana da babu ko ɗaya a kai, ba ta tambaya ba. Ya dafa mata curin dankali da romo, ta ci loma biyu ta ture. Ya ce ko ya ƙara mata filo, ta ce "to". Ottmar ya zagaya ɗakin sau uku, ya gyara labulen da ba abin da ya same shi. Tsoro yake ji, na gaske. Daga ƙarshe ya hau sama ya sauko da Minna, ya ajiye ta a kan cinyar matarsa.

Irmtraud ta dubi ramukan. Ta ɗaga 'yar tsanar da hannun hagu, ta girgiza, ta saurara.

"Yaya ka kwantar da ita?"

"Rigingine."

"Rigingine." Ta maimaita a hankali, sannan murya ta tashi. "Rigingine, Ottmar? Yaƙi biyu ta gani, an ɓoye ta a ɗakin gawayi, ta sha ƙaura sau huɗu, ido bai faɗi ba sai a hannunka! Sau nawa na gaya maka? Kunnuwan nan naka na ado ne?"

"Na kifa ta," in ji shi, kansa a ƙasa. "Sai na ga ke ce, ranar nan a kicin. Na kasa barin ta haka."

Irmtraud ta juyar da fuska wajen taga, ta daɗe ba ta waiwayo ba. Da ta waiwayo idanunta sun yi ja. Ta ce, "Tsohon banza. Matso da teburin nan. Akwai alli a gidan?"

Ya ɗauko ƙunshin Gudrun. Da ta ga cokalin sai ta yi tsaki. "Wato da ita aka haɗa baki."

Shi ya ɗaye gashin kan da ruwan ɗumi, tana ba shi umarni. Ta zuba idanun a tafinta, ba su fashe ba. Ta shafa musu mai a gefe, ta sa shi ya riƙe kan a kife, ta zura hannun hagu ta daidaita su a gurbinsu. Nan aikin ya tsaya, domin hagun na riƙe da waya, kuma sai an sami wani hannun da zai ɗora kwaɓi.

"Kawo in zuba," in ji Ottmar.

"Da waɗannan yatsun naka kamar itacen hura wuta? Ka riƙe kai kawai, kada ka yi numfashi."

Ta dubi hannunta na dama. Ta ce ya ɗora mata shi a kan tebur, ya sa cokalin tsakanin yatsun. Cokali ya faɗi. Ya mayar, ya sake faɗuwa. Kwaɓin ya bushe a kofi, aka kwaɓa wani. Gumi ya keto mata a goshi, tana zagin hannun, tana zagin Ottmar, tana haɗawa da Gudrun. A karo na biyar babban yatsa ya danne cokalin, hannun ya tashi yana rawa, ya kai kwaɓin gefe ɗaya, ya zubar da rabi a tebur, ya koma ya kai ɗaya gefen.

Suka jira kwaɓin ya fara kamawa. Ta ce, "Yanzu karkata ta, ka tayar. Kuma. Motsa ta, Ottmar, tun bai bushe ba! In ya bushe ba a motsa ba, shi ke nan, sun ƙage."

Ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta dubi yatsunta da suka yi fari da alli, ba ta saki cokalin ba.

Can da yamma suka tayar da Minna zaune. Idanun suka buɗe. Na dama yana kallon gaba, na hagu ya ɗan kauce gefe, daidai inda Ottmar yake tsaye.

Ya ce, "Ya karkace. Ko a fasa a sake?"

"Bar ta haka, ta san wanda take harara." Ta miƙa masa cokalin da hannun dama. "Wanke shi, ka goge sosai. Gobe ka fara sauko mini da sauran ɗaya bayan ɗaya, in ga ɓarnar da ka yi musu."

Ottmar ya shiga kicin ya buɗe famfo don kada a ji shi, ya tsaya da ɗan cokalin a hannu yana kuka kamar yaro. Daga ɗaki muryarta ta biyo shi.

"Ruwan nan kyauta ake ba mu ne? Rufe famfon!"