Shafukan da Reza Ta Ci

Daga shafi na 211 sai na 220. Tsakaninsu babu komai sai guntayen takarda a jikin ɗinki, reza ta bi su sumul.

"Baba, sun yanke," in ji Auta.

Baba Mai Kanta ya karɓi mujallar, zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Shekara ashirin da shida yana jera littattafai a laburaren jami'a. Bai san ko alif na lissafi ba, amma lambobin bayan littafi ya san su kamar sunayen 'ya'yansa. Yau autarsa ce ke neman maƙala ɗaya tal, kuma malaminta ya ce in ba ta kawo hujjar da ke ciki ba jibi, ba zai sa hannu a kundinta ba, sai ta maimaita shekara.

"Kwamfuta ta ce kwafi biyu ne," ta ce. "Ina ɗayan?"

"Kwamfuta ba ta san halin 'yan makaranta ba. Zauna."

Ya san su sarai. Wanda ya samu littafi mai amfani sai ya ɓoye shi a kantar da ba tasa ba, don kada ɗan ajinsu ya gani. Ya bi sashen noma, ya bi na shari'a, gwiwarsa na ƙara. Can bayan littattafan kiwon kaji, sai ga ɗaya mujallar lafiya lau, ya kai wa Auta.

*

Da ya dawo daga kwashe littattafan teburan bene, ya tarar da Auta ta duƙa kan mujallar, reza tsakanin yatsunta.

"Ke!"

Ta zabura. "To ya zan yi, Baba? Injin kwafi ya mutu tun bara. Waya sai a bar ta a ƙofa. Mujalla ba a ba da aronta. In ban yanka ba, wallahi wani zai yanka."

Kunya ta rufe shi, tausayi kuma ya fi kunyar yawa. Ya miƙa hannu, ta sa masa rezar.

"Kwafi shafi huɗun farko da hannu, ni in kwafi huɗun ƙarshe," in ji shi.

Ya gyara tabarau, ya shiga zana abin da bai sani ba.

"Wannan mai kama da ƙugiyar mahauta fa?"

Ta yi dariya da hawaye. "Baba, bi shi kawai yadda yake."

Kafin a kaɗa ƙararrawar tashi sun gama, yatsunsa sun sandare. Ya mayar da mujallar kantarta ta gaskiya, ya daidaita bayanta da na 'yan uwanta.

*

Malamin ya sa hannu. Bayan mako guda wani ɗalibi ya zo da lamba a guntuwar takarda. Baba ya gane ta tun daga nesa, ya ɗauko masa lafiyayyar mujallar nan da fara'a.

Ɗalibin ya buɗe, ya ɗago kai.

"Baba, daga 211 sai 220."