Dutsen Madafar Zuwaira

Tun kafin rana ta ɗaga Jatau ya wanke moto, wato babur ɗinsa, ya goge madubi, ya zura rigarsa ta zuwa Juma'a alhali ranar Litinin ce. Sau uku yana shiga sabuwar madafar da ya gina a ƙofar gidansa na Madarumfa, ya shafa bango, ya fito yana murmushi shi kaɗai. An sa taga, an sa ƙyaure. Abu ɗaya ya rage, allon dutsen giranit da za a shimfiɗa a kan ginin da magini ya tayar har ƙugu, inda mutum zai murza fulawa a tsaye.

"Malam, wai amarya za ka ɗauko ne?" in ji matarsa Ɗelu, tana tankaɗe.

"Abin da zan ɗauko ya fi amarya nauyi. Ki ce wa Uwata ta fito, rana na yi."

Uwata yake kiran ɗiyarsa Zuwaira, don kamar da take yi da mahaifiyarsa, marigayiya Tani. Shekara biyu Zuwaira ta yi a Maraɗi tana koyon girki da yin gato, wato kek. Da ta gama, wata mai gidan abinci a Yamai ta kira ta aiki, ta ce tana jiran amsa zuwa Juma'ar nan. Tun ranar da Jatau ya ji an ambaci Yamai, ya daina cin tuwon kirki. Bai hana ta ba, ya dai ce ai nan ma mutane na biki da suna, suna son gato.

"To Baba, bisa mi zan yi aikin? Bisa tabarma?" ta ce.

Da ya kwashe albasar lambunsa na bakin tafki, sai ya kira magini. Aka gama gini, Zuwaira ta shiga ta duba, ta ce, "Sai na ga dutsen."

Suka kama hanyar Ɗan Issa, tana bayansa, igiyar awon ginin tana naɗe a aljihunsa. A can wani ɗan kasuwa, Alhaji Sama'ila, yake sauke duwatsun da ake kawo masa daga Kano. Da suka shiga filin, Jatau ya tsaya ya riƙe baki. Alluna ne a jingine, jeri bayan jeri, wani ja kamar goro, wani fari fat, wani kamar ruwan tafki in hadari ya taso.

Zuwaira kuwa ta manta da nauyin da take ji a gaban manya. Ta taɓa wannan, ta ruga ga wancan, ta ɗaga waya tana ɗaukar hoto. Can a ƙarshen jeri ta tsaya cak gaban wani baƙi wuluk mai ɗigon ruwan zinariya.

"Baba, zo ka ga fuskata a ciki."

"Yarinyar nan tana da ido," in ji Alhaji Sama'ila. "Shi kaɗai ya rage. Matar wani babban ma'aikaci ta so shi, ƙofar gidanta ce ta yi masa kaɗan."

Jatau ya zaro igiya, suka ja tare da ɗiyarsa. Ya yi daidai, har da ragowar taƙi ɗaya da za a yanke.

"In na jera farin gato bisa wanga," in ji Zuwaira, "duk wanda ya leƙo ta taga sai ya tsaya."

In na jera. Wata biyu ke nan bai ji ta yi maganar madafar kamar tata ba ce. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa hannunsa, sai ya ɗora bisa dutsen ya ƙwanƙwasa da zobensa na azurfa, yadda ya saba yi wa ƙwarya da tukunya. Gefen ya amsa, ƙil, tas da shi. Ya matsa tsakiya ya sake. Wannan karon sai ya ji ƙub, kamar an bugi ɗanyen bulo.

Ya san wannan ƙara. Yana ƙarami a ƙauyensu na wajen Safo, duk matar da za ta sayi dutsen niƙa sai ta zo ta tafi da Tani kasuwa. Tani ba ta kallon kyan dutse. Munduwarta take buga masa, ta kara kunne. Wanda ya amsa da murya ɗaya daga kai har gindi, shi take cewa a ɗauka. Wanda ya shaƙe a wani wuri, tana cewa da ciwo a cikinsa, ko ba daɗe ko ba jima sai ya rabu biyu da tsaba a kai.

Ya sake bugawa a hankali, don kada a lura. Ƙub.

Alhaji ya riga ya ɗaga hannu yana kiran masu ɗauka. Zuwaira tana aika wa uwarta hoton. Jatau ya ce a ransa, yi shiru mana, wataƙila kunnenka ne ya tsufa. In ka buɗe baki za ta ce ƙauyanci ne, ko ta zaci tsadar ce ta ba ka tsoro, Juma'a kuma saura kwana huɗu. Amma sai ya hango ta ta danna fulawa da ƙarfinta duka, tukunyar mai na tafasa a gefe, dutsen ya buɗe a ƙarƙashin hannunta.

"Alhaji, dakata," ya ce. "Dutsen ga ba shi da lafiya."

"Ba shi da lafiya? To mu kai shi likita, Malam?" Masu ɗauka suka yi dariya.

"Baba," in ji Zuwaira, ƙasa-ƙasa, "don Allah."

"Tsage ne daga ciki, Uwata."

Alhaji ya shafa fuskar dutsen da hannun riga. "Inji ya goge wanga, ba dutsen niƙan kakanninmu ba ne. Nuna mini tsagar, in ba ka shi kyauta."

"Ba ni son kyauta. A ba ni ruwa a buta."

Ya zagaya bayan allon, inda ba a goge ba, ya kwarara ruwa daga sama har ƙasa. Suka tsaya suna kallo. Ranar Ɗan Issa ba ta ɓata lokaci, nan da nan ruwan ya fara ɗaukewa daga gefe. Jatau ya ƙura wa dutsen ido. In babu komai fa? Dutsen ya bushe sarai, sai wani siririn layi kamar zare da ya ƙi bushewa, ya taso daga ƙasa ya karkata ya ratsa tsakiya.

Alhaji Sama'ila ya durƙusa, ya bi layin da farce. Sannan ya ɗago.

"Wallahi ban sani ba. Ramukan hanya ne suka ci shi. Malam, a wace lakwal ka yi karatun wannan?"

"Wurin tsohuwata."

Da ya waiwaya, Zuwaira ba ta nan. Ya hango bayanta tana tafiya wajen da suka ajiye moto, kanta a sunkuye. Shi ke nan, ya ce a ransa, na kore ta da bakina. Alhaji yana ta nuna masa wasu, shi kuwa ba ya ji.

Sai ga wata ƙara daga jeri na biyu. Ƙil. Ƙil. Ƙil. Ashe makullin moto ta je ta zaro. Tana bin alluna ɗaya bayan ɗaya, ta buga sama, ta buga tsakiya, ta kara kunne, gyalenta ya zame ba ta ma sani ba. Yadda ta karkata kai, Tani ce sak.

"Baba, zo ka ji wanga. Ina ga muryarsa ɗaya."

Toka-toka ne mai ɗigon fari da baƙi, kamar bayan zabo. Jatau ya bi shi da zobe kusurwa huɗu da tsakiya, ya amsa ko'ina. Suka zuba masa ruwa, ya bushe bai bar komai ba.

"Bai kai wancan kyau ba," ya ce, yana satar kallonta.

"Bai kai ba. Amma baƙin, ko garin fulawa ya faɗa sai ya nuna, da na wuni ina goga." Ta buga shi sau ɗaya don jin daɗi. "Alhaji, a tsaye za a ɗora shi cikin mota, a sa katifa. Ba ni son ramukanku su taɓa mini shi."

Kafin la'asar motar ta shigo Madarumfa a hankali, Jatau na gaba bisa moto yana nuna wa direba kowane rami da hannu. Maƙwabta suka fito. Mutum shida suka kama, magini na ba da umarni, aka aza dutsen bisa ginin don gwaji.

"Wannan ai ba shi ne na hoton ba," in ji Ɗelu.

"Na hoton ba shi da lafiya, Inna. Baba ya gwada shi."

Zuwaira ta tsaya gaban dutsen, ta dafa da hannu biyu, ta danna kamar mai murza fulawa. Ta girgiza kai.

"Ya yi tsawo. A sauke shi, a rage ginin da yatsa uku."

"Yatsa uku kawai?" in ji magini. "Haba, a bar shi hakanan."

"Kai yau kaɗai za ka tsaya nan. Ni kullum ce, kafaɗata za ta faɗa mini."

Jatau ya ji. Ya dubi Ɗelu, ita ma shi take kallo. Zuwaira ta ɗauki waya ta fita zaure, suna jiyo ta tana gaida matar nan mai gidan abinci a Yamai, tana ba ta haƙuri.

Ya tuɓe rigar Juma'a ya rataye a ƙyaure, ya kama kusurwar dutsen tare da sauran.

"Ɗelu," ya ce, "in akwai sauran tuwon rana, ɗumama mini. Malmala biyu."