Kakar da Aka Hana Mutuwa

Tun da idon Inna ya yi rauni, aikin karanta mata littafi ya faɗo kan babban ɗanta, mai gyaran agogo, mutumin da furfura ta ci rabin kansa, sanƙo ya cinye ragowar. Kullum da yamma yakan rufe shago, ya zauna kan kujerar roba a gefen gadonta, ya gyara tabarau, ya gyara murya kamar mai karanta labarai a rediyo.

Na farko littafin tarihi ne, mai kauri kamar bulo, cike da yaƙe-yaƙe da jiragen ruwa. Shi dai ribar da ya samu ciwon wuyan hannu. Inna kuwa ta yaba.

"Mutanen dā ke nan," in ji ta. "In za su mutu sai su mutu, ba sa ɓata wa kowa lokaci."

Na biyu na zamani ne, labarin wata kaka da jikokinta a gidan haya, kowa da waya a hannu, ba mai sauraron wani. Inna ta ɗauki kakar nan ƙawa. Duk sanda ta zagi jika sai Inna ta bugi cinya: "Ƙara masa!"

Ran nan a shago ya leƙa babin ƙarshe, ya ga kakar ta cika a asibiti. Ga shi likita ya ja masa kunne cewa jinin Inna na hawa, kada a tayar mata da hankali.

Da yamma ya buɗe littafi, ya shiga ƙirƙira. Kakar ta farfaɗo. Jikoki suka ajiye wayoyi suka durƙusa neman gafara. Mai gidan haya ya gyara rufin da ke yoyo. Da abin ya yi masa daɗi har bakin teku ya kai ta shan iska, yana cewa a ransa ashe marubuci guda aka yi asara a cikin agogunan mutane.

Ya rufe littafi yana jiran yabo.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Inna."

"Marubucin nan matsoraci ne."

"Haba Inna, ai ƙarshen akwai tausayi."

"Akwai ƙarya dai. Mai gidan haya ya gyara rufi? A wace duniyar?" Ta juyo gare shi. "Kuma shafin nan ya fi zanin gado faɗi. Tun da ka fara ban ji ka juya takarda ba. Idona ne ya tafi, ɗan nan, kunnena na nan."

Ya sosa sanƙo. "Likita ne ya ce..."

"Likitan ne ya haife ka? Na binne ubanku, na binne ƙawayena, mutuwar takarda ce za ta kashe ni? Buɗe min."

Ya karanta na gaskiyar, ido ɗaya a kan shafi, ɗaya a kan numfashinta. Ta yi hawayenta, ta share da bakin zani, ta yi ajiyar zuciya.

"Allah ya ji ƙanta. Ta tafi da mutuncinta."

Ya jawo na'urar awon jini ya ɗaura mata a dantse. Lafiya lau, kamar na budurwa.

Inna ta kwance ta miƙa masa. "To, auna naka."

Ya auna. Ya daɗe yana kallon lambar, sannan ya tambaye ta a hankali inda take ajiye maganinta.