Awakin Mma Napari

Wumbei ya sake leƙa bayan tashar motar Savelugu. Ga awaki nan suna cin ɓawon doya, amma babu mai tsagaggen kunnen hagu ko ɗaya, alamar waɗanda yake nema. Ya share gumi da hularsa, ya koma kan babur. Tun hantsi ya rufe shagon ɗinkinsa yake yawo. Ya je madatsar ruwa, ya je juji, har kasuwar dabbobi ya shiga yana ɗaga kunnuwan awakin mutane, sai da wani dillali ya ce, "Malam tela, saye za ka yi, ko awon riga kake musu?"

Awakin Mma Napari ne, matar mahaifinsa. Tun ranar da aka kai ta makwancinta suka fita kiwo, ba su sake kwana a gida ba. Allah bai ba ta haihuwa ba, don haka abin da ta bari na danginta ne, kuma yau ƙanenta, Kawu Neindoo, zai iso daga Kumasi. Wa zai yarda ba sayar da su Wumbei ya yi ba? Matar da ta ɗauke shi yana rarrafe bayan rasuwar uwarsa, ta goya shi tana tsintar kaɗanya, ta zo ta goya 'ya'yansa. Keken ɗinkin da yake ci da shi ma, bunsuranta ne suka koma keke. In ɗan akuya ya rasa uwa, a ɗakinta yake kwana cikin tsohon zanenta, tana ba shi koko da cokali.

Wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, Sanatu. "Baban Azara, baƙonka fa ya iso. Har ya sha ruwa."

Ya tarar da Kawu a kan tabarma. Suka gaisa, suka yi wa juna ta'aziyya.

"Ina dabbobin yayata? Na ga turke wayam."

"Suna kiwo, Kawu."

Ya shige cikin gida da sauri, ya ja Sanatu gefe. "Don Allah, yaya Mma Napari take kiran awakin nan ne?"

"Kai da aka raina a gidan nan kake tambayata? Ita ba ta kira. Da la'asar take surfa masara, su ji tabarya, su taho cin dusa."

"To me ya hana ki daka?"

"Ana zaman makoki, maƙwabta suna kawo tuwo, in daka me? Ni da ma inji nake kaiwa. Ita ce ta ƙi, wai mai inji ne yake riƙe dusar."

Wumbei ya mirgino turmi tsakar gida, ya zuba masara, ya yayyafa ruwa, ya shiga lugude. Matan da suka zo gaisuwa suka rufe baki da mayafi. Kawu ya leƙo. "Ikon Allah! Ɗinkin ne ya daina ci?"

Babu akuyar da ta zo. Ya ƙara ƙarfi, masara tana tsalle waje.

"Kai kamar mai fasa dutse," in ji Sanatu. "Ba haka take yi ba. A hankali. Ta ɗan daka, ta tsaya ta dafe ƙirji, ta ci gaba."

"Ƙirji? Tun yaushe?"

"An daɗe. Ta hana a faɗa maka."

Ya daka a hankali. Ya tsaya. Ya ci gaba. Bai ɗaga kai ba.

Can sai ga wata tsohuwar baƙar akuya ta shigo, sauran suna biye, duk sun rame, jikinsu cike da ƙarangiya. Suka wuce turmin, ko kallonsa ba su yi ba, suka je ƙofar ɗakin Mma Napari suka tsaya.

Kawu ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ce, "Ni ɗaki ɗaya nake haya a bene. In kai su ina, kan rufi? Zanenta kawai na zo ɗauka. Waɗannan ai sun san gidansu."

Ya koma tabarmarsa.

"To madalla," in ji Sanatu. "Gobe wa zai daka?"

Wumbei ya dubi tafin hannunsa da ya yi bororo.

"Ki ajiye min masarar," ya ce. "Zan rufe shago da wuri."